Na Ɗaya, Wannan Yaron

Gwaram, 24 ga Oktoba, 1974

Zuwa ga taubashina Malam Dabo, mai gwiwar da ba ta warkewa, a Birnin Kudu.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kun yi Ƙaramar Salla lafiya, kai da Batulu da sauran mutanen gida. Mu nan lafiya lau, sai dai wani haƙorina da ya bi cinyar kazar Salla ya tafi. Gero ya yi kyau, dawa ma ta kusa. Kada ka yi wa rubutuna dariya. Abin da ajin yaƙi da jahilci ya ba ni ke nan, kuma ya fi naka na tsohon malamin gona, mai kama da sawun kaji.

Bayan haka, ina Angona? Da aka yaye shi na miƙa wa Batulu riƙonsa, domin ɗan fari ba ya tashi a gaban iyayensa a gidanmu. Amma jika na ba ku riƙo, ban ce ku mai da shi ɗan Birnin Kudu ba. Ɗan'auta direba ya gaya mini ko a makaranta da sunanka ake haɗa nasa. Ya kuma ce ya shiga kulob ɗinku na yara masu gudu, mai suna Walƙiya. Da waɗannan ƙafafun nasa kamar sillen kara? Ka ce masa matarsa ta Gwaram ta ce in iska ta ɗauke shi ba ruwanta.

To, mu ma nan ciwon ya kama mu. Namu kulob ɗin Barewa ne, kuma ɗana Manu, uban Angon nawa, ya haukace a kansa. Ba wanda ya sa shi, ba abin da ake ba shi. Da asuba ya ɗora wa jaki ruwa ya kai wa yara fili. Da yamma ya bi gida-gida yana roƙon toka don zana layi. Yanzu a unguwarmu mace ba ta isa ta kwashe murhunta ta ajiye ba, sai ta ji sallamarsa. Na ce masa, "Manu, da haka kake kula da shanunka da yanzu nono ya ishe mu wanka." Ya ce, "Inna, ba za ki gane ba."

Saboda muryarsa, wadda ka sani tana juyo da saniya daga ƙetaren rafi, Alhaji Maikuɗi shugaban kulob ya damƙa masa lasifikar gwangwani, irin wadda ake kafa baki a ciki. Ranar da yaranku za su zo, shi zai tsaya a bakin zaren ƙarshe ya kira na ɗaya da na biyu da na uku, malami yana can nesa a tebur yana rubutawa. An ce wanda ya ci tseren mil shi za a kai Kano ya yi gudu da yaran jiha.

Mutanenmu ba su manta da bara ba, da mai usur ɗinku ya busa yaranmu suna ɗaure wando, kuka tafi da kofi. Bana muna da Hadi, ɗan maƙera, wanda ba a taɓa ganin gabansa a fili ba sai bayansa. Ka gaya wa 'yan Walƙiya su taho da cikinsu, ni da matan unguwa za mu tuƙa musu tuwo. Amma muddin lasifikar nan tana hannun ɗana, ba sunan ɗan Birnin Kudun da zai fito daga cikinta.

A gaida Batulu. Ka shafa wa gwiwar man shanu, kada ka shanye.

Ni ce taubashiyarka,
Hajjo

*

Birnin Kudu, 11 ga Nuwamba, 1974

Zuwa ga Hajjo.

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Gwiwa tana nan, ita ta hana ni bin yara zuwa garinku.

Hajjo, yau ba wasa zan yi da ke ba. Da takardarki ta zo na ɗauka taubasantaka ce irin wadda muka saba, har na karanta ta a majalisar kulob aka yi ta dariya. Yanzu ba mai dariya. Malam Sabo, mai koya wa yaranmu gudu, ya haddace layinki na ƙarshe, yana maimaita shi ga duk wanda ya tsaya.

Ga abin da waɗanda suka je suka gaya mini. Abdulsalami ne ya fara taɓa zare, kowa ya gani. Mai lasifika ya ɗaga ya ce "Na ɗaya," sunan da ya biyo baya kuwa na Hadi ne. Aka buga ganga, aka ɗaga Hadi sama, malami ya rubuta. Da Malam Sabo ya yi magana aka ture shi, yara suka fara jifa. Suka shiga mota ba su taɓa tuwonku ba.

Mutanen nan ba su san mai lasifikar uban yaron ne ba, ni kuma na kasa gaya musu. Da wane baki?

Yaron ya sani. Tun da ya dawo ya naɗe singiletinsa ya cusa a ƙarƙashin gado. Batulu ta yi lallashi har ta gaji. Jiya na ce masa ya fara shiri, Babbar Salla a Gwaram zai yi kamar kowace shekara. Ya ce, "Baba, ba ni da kowa a Gwaram sai tsohuwar nan, ita ma ta faɗa tun kafin a yi. Wallahi ba zan ƙara taka garin ba." Yaron nan shekararsa goma sha huɗu a hannuna, ban taɓa jin ya yi rantsuwa ba sai jiya.

Kano ba ta dame ni ba. Abin da nake so ki gaya mini shi ne, kofin gwangwani ya kai a ce Manu ya sayar da ɗansa?

Dabo

*

Birnin Kudu, 27 ga Nuwamba, 1974

Hajjo,

Muna lafiya. Na aiko miki takarda, shiru. Ke da ba a taɓa rufe baki kafin ki ba da amsa ba. Batulu ta ce watakila ba ki da lafiya. Na ce da haka ne da mun ji. In shirun nan shi ne amsar, to na ji. Zan bar yaron ya yi Sallarsa a nan.

Dabo

*

Gwaram, 2 ga Disamba, 1974

Zuwa ga Malam Dabo, sarkin masu saurin fushi.

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiyata ƙalau, ka gaya wa Batulu na gode da ta yi mini kyakkyawan zato, tunda mijinta ya kasa. Takardunka biyu yau suka iso tare. Ɗan'auta ya tafi jigilar auduga da ta farkon a cikin hularsa, ta dawo tana warin man kai.

Wato kai, tsoho da kai, ka ɗauki tsokanar da na yi maka ka kai majalisa? Tun muna yara nake ce maka zan sayar da kai a kasuwar Gwaram, ka taɓa ganin na kira dillali?

To zauna ka ji, don ni ina wurin. Ina ƙarƙashin tsamiya dab da zaren, da tulun kunu a gabana. Angona ne ya ci. Ƙirjinsa ya riga na Hadi, ba da yawa ba, amma ya riga. Na ga Manu ya ɗaga lasifika ya ce, "Na ɗaya," sai ya tsaya. Ya dubi yaron, ya dubi dattawan da ke kan tabarma, abokan marigayi ubansa duk suna zaune. Ya sauke lasifikar, ya nuna da haɓa, ya ce a hankali, "Wannan yaron." Ni kaɗai na ji, sai ko tulun. Makaɗa ba su jira ba, suka saki ganga. Da ya sake ɗagawa don ya kira na biyu, sunan Hadi kaɗai ya isa tebur.

Dabo, ka manta gidan da ka fito ne? Yaron nan ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin Manu ne a kansa. Tun ranar suna bai taɓa fita daga bakin Manu ba. "Wannan yaron," ko "yaron Birnin Kudu," shi ke nan. Ni kaina ka taɓa ganin na rubuta shi? Sunan mijina ne. Ba wanda ya tuna da wannan da ake ba shi lasifika, don ba wanda ya zaci akwai mai wuce Hadi.

Bai tsaya nan ba. Ya ratsa mutane ya je tebur ya ce a gyara, yaron Birnin Kudu ne ya ci. Alhaji Maikuɗi ya ce, "Wanne? Mota guda suka zo. Faɗi sunansa." Manu ya tsaya yana gumi kamar an kama shi da akuyar wani. Sai Alhaji ya gane, ya ce, "Au, ɗanka! Shi ya sa kake ta kawo mana ruwa?" Ya fizge lasifikar. Kafin nan naku sun fara jifa, namu sun rama.

Yanzu ku kuna cewa ya cuci Walƙiya, nan kuma ana cewa ya so ya sayar da Barewa. A masallaci ana ba shi hannu ana kallon wani wuri. Matan da suke ba shi toka, yanzu a ƙofar zaurensa suke zubarwa. Yana sharewa, yana tarawa a buhu, wai ko za a bukata. Tuwon da kuka bari kuwa mun ci ɗumamensa har ya fita ranmu.

Abin da Alhaji ya faɗa don ya ci masa fuska, gaskiya ne, ko da yake ba yadda yake nufi ba. Na lura, Manu bai san hanyar fili ba sai makon da Ɗan'auta ya kawo labarin yaron ya fara gudu. Ba zai iya hawa mota ya zo ya ce ya zo kallon ɗansa ba. Sai ya nemi wurin da dole ɗan ya zo ya wuce ta gabansa.

Ran Laraba ya hau keke har garinku wajen jami'in wasanni, ya ce yaron da ke gidan Malam Dabo ne ya ci, a gyara. Ta ƙofar gidanka ya wuce, zuwa da dawowa. Na ce, "Ka shiga?" Ya ce taya ba iska. Na ce ai da sai ka shiga su ba ka famfo.

Ka karanta wa Angona wannan. Wannan kam ka kai majalisa in kana so. Ka ce masa in ya ƙi zuwa Salla zan kai shi ƙara gaban alƙali, ya bar mata ba ci ba sha.

Hajjo

*

Birnin Kudu, 8 ga Disamba, 1974

Zuwa ga Hajjo, mai bakin da ya haɗa gari biyu faɗa.

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Na karɓi laifin majalisa, ke ki riƙe na alƙalami.

Na karanta takardarki. Ni ma ban taɓa kiran sunan 'yata ta fari ba har aka kai ta ɗakinta, amma ban tuna ba, don an ce mini kai tsaye ya kira Hadi. Na gaya wa Malam Sabo gaskiya. Ya ce wane irin uba ne wannan, ya ce dabara ce kawai. Shi ba daga cikinmu ya fito ba, na bar shi.

Jami'in wasanni ya yanke a sake tseren mil ɗin ranar Asabar mai zuwa a Kiyako, inda ba filin kowa ba ne. Baƙo ne zai tsaya a bakin zare. Malam Sabo ya sa sharaɗi kada Manu ya matso kusa da zaren.

Yaron ya ciro singiletinsa, zai yi gudun. Amma maganar Gwaram tana nan. Na karanta masa takardarki har ƙarshe. Ya ɗan yi murmushi da na zo kan maganar alƙali, sa'an nan ya ce, "Baba, na san al'ada. Amma duk Sallar da na je, ina jin yana kiran shanunsa kowace da sunanta. Yana kiran ƙannena. Ya kira Hadi gari ya ji. Ni ko da kuskure ban taɓa ji ba. In bai iya ba ranar da na ci, yaushe zai iya?" Na ce haka aka yi mana mu ma. Ya ce, "Ku ba a hana ku Kano da shi ba."

Ya ce yana gama gudu motar Walƙiya zai shiga ya dawo. Gwiwa ba za ta bar ni in je ba. In za ki je, ki gan shi a can, don ban ga alamar za ki gan shi a gida ba.

Dabo

*

Gwaram, 15 ga Disamba, 1974

Zuwa ga Malam Dabo.

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, sai ƙugu da motar Ɗan'auta ta kwankwatsa. Ka ce wa Batulu ta daina leƙen ƙofa, yaron yana nan wurina. Na san Malam Sabo ya riga ni isowa da nasa labarin, to ga nawa.

Da takardarka ta zo na karanta wa Manu maganar yaron, ban rage komai ba. Yana gyaran igiyar jaki. Bai ɗago ba. Da na gama ya ce, "Inna, garwa nawa kike ganin za ta isa a Kiyako?" Na ce, "Ubanka ma haka yake, Allah ya ji ƙansa. Sai da ya kusa mutuwa na san ya san kalar zanena."

Ba wanda ya gayyaci Manu, amma ya ɗora garwarsa a motar Ɗan'auta, aka matsa masa. A Kiyako fili ne na gona da aka girbe, an tuge kara an share. Layin ma ba su da abin zanawa, sai ga Manu da buhun tokar nan ta ƙofar zaurensa. Ya zana musu tas, sa'an nan ya koma can kwanar ƙarshe, nesa da zare, ya tsaya da ruwansa. Angona ya wuce ta gabansa za shi wurin tashi, ya rusuna ya gaishe shi kamar yadda ake gaida baƙo. Manu ya amsa yana kallon garwa.

Aka busa usur. Sauran yaran tun a zagaye na biyu suka zama 'yan rakiya, ya rage Hadi da Angona. A zagayen ƙarshe Angona yana gaba, amma na ga kansa ya fara lilo, Hadi kuma yana ta matsowa a bayansa. 'Yan Walƙiya suna ihu, 'yan Barewa suna ihu, ni ina tsakiya ban san wanda zan yi wa ba. Suka iso kwanar, Hadi ya kawo kafaɗa.

Sai na ji garwa ta faɗi.

Dabo, Manu ya kira sunan. Ba lasifika, da muryar nan ta ƙetaren rafi. Gaba ɗayansa, tun daga kai har wutsiya, bai gutsure ko kaɗan ba. Ganga ta tsaya. Ni kuwa ban san lokacin da na ja mayafi na rufe fuska ba, don rabon da in ji sunan nan da muryar gidanmu tun surukata tana da rai. Na leƙa ta gefe.

Ka san abin da yaron da ka rena ya yi? Ya ja birki. A tsakiyar tsere, zare yana gabansa, ya juyo, ya ɗan rusuna, ya ce, "Na'am, Baba?"

Hadi ya wuce fuu.

Manu ya ɗora hannu a ka ya ce, "Kai, ba aikenka zan yi ba! Gudu! Gudu na ce!" Yaron ya juya ya kwasa, amma ina. Na biyu ya zo. Laifinka ne da Batulu, ku kuka koya masa in babba ya kira a tsaya a amsa.

Abin da ya biyo baya sai ka gani da idonka. Malam Sabo yana tsalle yana cewa makirci ne, ya faɗa tun farko. Mutanenmu kuma, waɗanda suka yi wata guda ba sa amsa gaisuwar Manu, suka ɗaga shi sama wai gwanin dabara. Alhaji Maikuɗi har da miƙo masa lasifika. Manu ya ce su sauke shi, ya ce a ba wani. Baƙon da ke bakin zare ya ce shi bai ga an taɓa kowa ba, ba kuma dokar da ta hana uba kiran ɗansa. Hadi ne zai je Kano. Yaron kirki ne, ya zo ya ba Angona hannu ya ce, "Wallahi da ni ma tsayawa zan yi."

Na je da kununa ina shirin lallashi. Na tarar ba ya kuka. Yana haki, yana kallon ubansa daga nesa, uban kuma ya sami abin kallo a gindin wata kuka. Na ce, "Ango, ka zubar mana da Kano." Ya ce, "Ke tsohuwa, kin ji kuwa?" Na ce na ji, har mutanen Wurno sun ji. Ya ce, "Akwai baɗi."

Motar Walƙiya ta yi ta hon. Shi kuwa ya taka ya je kwanar, ya ɗauki garwar da ta faɗi, ya kakkaɓe, ya kai motarmu ya hau ya zauna a kanta. Ba wanda ya ce masa hau, ba wanda ya ce sauka. Har muka iso Gwaram shi da uban ba wanda ya dubi wani.

A aiko masa da kayan Sallarsa ta hannun Ɗan'auta, amma kada a sa a hula. Zan dawo muku da shi bayan Salla kafin a koma makaranta, ya ci gaba da yi wa Walƙiya gudu, mu ci gaba da cinye ku.

Kada ka zaci wani abu ya sauya. Sau ɗayan nan ne, kuma ina jin ba za a ƙara ba. Ɗazu da safe ina tsakar gida na ji Manu daga turke yana cewa, "Kai, wannan yaron, zo ka riƙe mini igiya." Yaron ya tashi a guje har ya ture mini ƙwarya. Da haka ya yi gudu a Kiyako, da yanzu yana Kano.

A gaida gwiwa.

Taubashiyarka,
Hajjo